Daɗi ba ya bin ƙamus: fassarar kalmomin ɗanɗano tsakanin Italiyanci, Sifaniyanci da Ingilishi

A shekarar 2009 ne Facebook ya fito da maɓallin nan mai alamar babban yatsa. Da Ingilishi sunansa "Like", Italiyawa suna ganin "Mi piace" a allonsu, masu jin Sifaniyanci kuma "Me gusta". Wanda ya duba sama-sama zai ce magana ɗaya ce aka faɗa sau uku, alhali kuwa ginin jimlar ma ya sha bamban. A Ingilishi mutum ne aikau, shi ne yake son abin. A Italiyanci da Sifaniyanci abin ne aikau, mutum kuwa karɓa kawai yake yi, kamar dai yadda Bahaushe yake cewa "ya yi mini daɗi". Ra'ayina shi ne kalmomin ɗanɗano da na jin daɗi su ne suka fi kowane rukunin kalmomi lalacewa a hannun mai fassarar da ya dogara da kamannin kalma, ko ya mai da Ingilishi gadar da dole sai an bi ta kanta. Ɓarnar kuma ba a takarda take tsayawa ba: tana shiga takardar jerin abinci a gidajen cin abinci, da rubutun jikin kwalba, da littattafan girki, har da abin da mutum zai sa a bakinsa.

Hanyar gane wane ne aikau mai sauƙi ce: a mai da abin jam'i a ga me zai canza. Basifaniye zai ce "me gusta el café" idan kofi ne, amma idan lemu ne da yawa sai ya ce "me gustan las naranjas". Ba'italiye ma haka, "mi piace il caffè" amma "mi piacciono le arance". Aikatau ɗin yana bin abin da ya yi daɗin, ba ya bin mai jin daɗin. Ɗalibin da ya taso da Ingilishi yakan juya jimlar ya ce "yo gusto el café", wadda ba ta ba da ma'anar da yake nufi, kuma a Italiyanci idan ya ce "io piaccio" ya faɗi cewa shi ne yake burge mutane. Shi kansa Ingilishi da can haka yake gina maganar, domin a tsohon Ingilishi aikatau ɗin da ya zama "like" yana nufin "faranta", daga baya ne ya juya ya sa mutum a gaba.

Inda wannan ya fi cizo shi ne idan abin da ake so mutum ne. Bature zai ce wa abokin aikinsa "I like you" ba tare da wata manufa ba. Idan aka mai da ita "me gustas" ko "mi piaci" fuska da fuska, galibi an shiga maganar soyayya. Abin da ya dace a wurin aiki shi ne "me caes bien" a Sifaniyanci, "mi stai simpatico" a Italiyanci, wato jininmu ya haɗu. Akwai kuma tarkon "mi dispiace". Kamanninta ya nuna kishiyar "mi piace" ce, amma ma'anarta ta yau da kullum ita ce ban haƙuri ko jajantawa. Wanda abu bai yi masa ba "non mi piace" yake cewa. Idan kuwa ya ce "non mi dispiace", to yabo ne mai sassauci, kamar a ce "ba laifi".

Kalmar "gusto" tana nan a harsunan uku, daga Latin ta fito, kuma kowane harshe ya ja ta gefensa. A Italiyanci ita ce ɗanɗano a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin ji guda biyar, ita ce kuma nau'in ɗanɗano: mai sayar da askirim zai tambayi mai saye "gusti" nawa yake so, biyu ko uku. A Sifaniyanci mai askirim ɗin "sabores" zai ce, ita kuwa "gusto" ta fi karkata ga jin daɗi da ladabi. "Mucho gusto" gaisuwar sabon sani ce, daidai da "piacere" ta Italiyawa, "con gusto" amsar wanda aka roƙa alfarma ce, "estar a gusto" kuma sakewa ce a wuri. Ingilishi ya ari kalmar daga Italiyanci a ƙarni na 17, amma a yau "with gusto" na nufin yin abu da kuzari da zumuɗi, ba ruwanta da harshe. Saboda haka idan labari ya ce wata mata ta yi ado "con gusto" da Italiyanci, ana nufin ta iya zaɓe, kwalliyarta ta tsaru, kuma kalmar Ingilishi da ta dace ita ce "tastefully". Wanda ya bar ta "with gusto" ya mai da matar mai rawar kai. Ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya, wadda Carlo Petrini ya jagoranci kafawa bayan zanga-zangar 1986 a kan buɗe shagon McDonald's a dandalin Piazza di Spagna da ke Roma, ta san wannan sarai: rumbunta na abincin gargajiya da ke neman ɓacewa sunansa "Arca del Gusto" a Italiyanci da Sifaniyanci, amma da Ingilishi "Ark of Taste" ta kira shi.

Kishiyar kalmar ta fi haɗari. "Disgusto" a Italiyanci ƙyama ce, irin ta tashin zuciya, daidai da "disgust" ta Ingilishi. A Sifaniyanci kuwa "disgusto" ɓacin rai ne. Uwa a Madrid za ta ce ɗanta ya ba ta "un disgusto" saboda ya faɗi jarrabawa, ma'ana ya ɓata mata rai. Idan aka kai wannan Ingilishi ko Italiyanci da kamanninta, an sa uwa tana ƙyamar ɗanta. Ƙyama a Sifaniyanci "asco" ce. Irin wannan kuskure a fassarar shaidar kotu ko hirar ɗan jarida yana iya canza yadda ake kallon mutum gaba ɗaya, shi ya sa nake ganin bai kamata a ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Abin da ya fi burge ni a Italiyanci da Sifaniyanci, harsunan biyu da suka samo asali daga Latin, shi ne aikatau ɗaya yana ɗauke da sani da ɗanɗano. "Sapere" a Latin tana nufin abu ya kasance da ɗanɗano, tana kuma nufin mutum ya kasance da hankali. Daga gare ta aka sami "sapore" da "sabor" na ɗanɗano, daga gare ta kuma "sapere" da "saber" na sani. Bambancin 'yar ƙaramar kalma ce ke nuna shi: "sa di" a Italiyanci, "sabe a" a Sifaniyanci. "Sabe a ajo" na nufin ana jin tafarnuwa a ciki. "Non sa niente" bai san komai ba, amma "non sa di niente" abin lami ne, ba ɗanɗano. Ingilishi ba shi da wannan haɗin, "taste" ɗinsa ma daga wata kalmar tsohon Faransanci mai nufin taɓawa ta fito, 'yar'uwar "tastare" ta Italiyanci, wato lalube. A nan Hausa ta fi kusa da Italiyanci, domin yadda muke cewa na ji magana, na ji ƙamshi, na ji gishiri, na ji zafi, haka Ba'italiye yake amfani da "sentire" a duk waɗannan wuraren.

Gishiri kansa darasi ne guda. Akwai baitin Dante, mawaƙin Italiya ɗan birnin Firenze, da ya shahara a waƙa ta 17 ta Paradiso, inda aka yi masa hasashen gudun hijira aka ce zai ɗanɗana "come sa di sale lo pane altrui", yadda burodin wasu yake da gishiri. Masu sharhi da yawa suna danganta shi da cewa burodin yankin Toskana, mahaifar mawaƙin, ba a sa masa gishiri, don haka burodin baƙon gari yana yi wa ɗan Firenze wani iri a baki, ga kuma ma'anar ɗacin cin arzikin wani. Har yau ana kiran wannan burodi "pane sciocco", kuma "sciocco" a sauran Italiya wawa take nufi. Sifaniyanci yana da irinta, "soso", abincin da gishiri bai ji ba da kuma mutumin da hirarsa ba armashi. To amma sai a duba mai gishirin. "Un conto salato" a Italiya kuɗi ne da ya yi tsada. "Salado" a Sifaniya yabo ne, yaro mai ban dariya da shiga rai, a Meziko da ƙasashen Karibiyan kuwa mutum ne marar sa'a, a Ajantina da Yurugwai kuma tana iya nufin tsada ko wuya. Kalma ɗaya, harshe ɗaya, ma'anoni uku. Mai fassarar da bai tambayi ƙasar da rubutun ya fito ba tukuna, caca yake yi da aikin mutane.

Yanzu ga inda nake ganin Ingilishi ya fi gazawa a matsayin gada: kalmar "hot". Ita ce zafin wuta, ita ce kuma yajin barkono. Akwai dalili a jiki, domin sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono yana taɓa mai karɓar saƙon da ke jin zafin wuta a jijiyoyi, binciken da David Julius ya wallafa a 1997 kuma ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Mu ma mukan ce yaji ya yi zafi. Amma Italiyanci da Sifaniyanci sun raba biyun tsaf: "caldo" da "piccante", "caliente" da "picante". Idan ɗan Meziko ya ce miya "pica", aka mai da ita "it's hot", sannan wani ya ɗauko daga Ingilishin zuwa Italiyanci, babu abin da zai hana ta fita a "è calda", sai mai ci ya tsaya yana jiran miyar ta huce. Ita "caldo" ɗin ma a Sifaniyanci romo take nufi, a kunnen Bature kuma tana kama da kalmarsa ta sanyi.

Ko "piccante" ɗin ba kullum take nufin barkono ba, kuma a nan ne sanin sana'ar yake raba gwani da ɗan koyo. Cukun Gorgonzola iri biyu ne, "dolce" wanda ake ajiye shi ya nuna aƙalla kwana 50, da "piccante" mai aƙalla kwana 80. Na farkon ba sukari a cikinsa, na biyun ba barkono. Abin da ake nufi shi ne mai laushin ɗanɗano da mai kaifin ɗanɗano, "mild" da "sharp" a bakin masu cuku na Ingilishi. Garin tattasai na Sifaniya da ake kira "pimentón" shi ma akwai "dulce" da "agridulce" da "picante", sai dai a nan "picante" yaji ne na gaske, "dulce" kuma marar yaji.

Man zaitun ya fi kowanne nuna cewa ana iya yin aikin nan da kyau idan an so. Majalisar zaitun ta duniya, wadda aka kafa a 1959 kuma hedikwatarta ke Madrid, ta tsara yadda ake ɗanɗana mai: mutum 8 zuwa 12 da aka horar, kowa da kofin gilashi mai duhun launi don kada kalar man ta ruɗe shi, mililita 14 zuwa 16 na mai, a ɗumin digiri 28, da sassaucin digiri 2 sama ko ƙasa. Siffofi uku ne ake ƙirgawa a matsayin nagarta. Da Italiyanci "fruttato, amaro, piccante", da Sifaniyanci "frutado, amargo, picante", da Ingilishi "fruity, bitter, pungent". A lura ba su ce "hot" ko "spicy" ba, sun zaɓi "pungent", domin abin da ake nufi shi ne kartar maƙogwaro da sabon mai yake yi har mutum ya yi tari. Man da ɗacinsa da kartarsa ba su wuce maki 2 ba ana kiransa "dolce" ko "dulce", amma da Ingilishi "mild". Akwai kuma rubutun "acidità" ko "acidez" a jikin kwalba, wanda bai kamata ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba a mai mai daraja ta farko. Wannan awon ɗakin gwaji ne na kitsen da ya warware a cikin man, harshe ba ya jin sa ko kaɗan. Duk tallar da ta fassara shi da cewa man "ba shi da tsami" ta yaudari mai saye, ko da ba da gangan ba. Abin da masu zaitun suka yi shi ne suka fara da bakin ɗan Adam, suka yarda a kan abin da ake ji, sannan kowane harshe ya kawo kalmarsa. Wannan tsarin nake so a bi a ko'ina.

Sauran tarkunan kicin ba sa buƙatar dogon bayani. "Burro" man shanu ne a Italiya, jaki ne a Sifaniya. "Aceite" mai ne a Sifaniyanci, daga Larabci, "aceto" kuwa ruwan kal ne a Italiyanci. "Rico" a bakin Basifaniye abinci ne mai daɗi ko da romo ne tsararo, amma "rich" a Ingilishi abinci ne mai maiƙo da nauyi. "Squisito" da "exquisito" yabon yau da kullum ne ga mai girki, yayin da "exquisite" ta yi wa teburin gida girma. "Savoury" ta Ingilishi, wato abin da ba na zaƙi ba, ba ta da takwara sai "salato" ko "salado", kuma idan aka dawo da su "salty" an ce gishiri ya yi yawa. Wanda ya fi shafar Musulmi shi ne "peperoni": a Italiya tattasai ne zalla, amma "pepperoni" mai harafin p biyu a tsakiya, wanda ake sa wa fiza a Amurka, nama ne da aka sarrafa, galibi haɗin alade da sa. Harafi ɗaya ne tsakanin halal da haram.

A ɓangaren jin daɗi ma akwai abin lura. "Enjoy" kalma ce mai tsabta da ake faɗa wa kowa. Sifaniyanci yana da "disfrutar" da ke zama daidai wurinta. Italiyanci ba shi da guda ɗaya: biki "divertirsi" ne, abinci "gustare", hutu "godersi". Idan aka cire ɗan wakilin sunan aka bar "godere" tsirara, a wurare da yawa tana ɗaukar ma'anar jin daɗin auratayya, haka ma "gozar" a wasu ƙasashen. Kafin cin abinci kuwa ba a fassara "enjoy your meal" kalma-kalma, akwai abin da ake faɗa: "buon appetito", "buen provecho" ko "que aproveche".

Wasu za su ce mafita ita ce a bar kalmar yadda take, kamar yadda duniya ta karɓi "al dente" na taliyar da ba ta dahu luguf ba da "umami", ɗanɗano irin na romon nama, da Kikunae Ikeda ya raɗa wa suna a Japan a 1908. Na yarda da aro idan kalmar ta zo tare da abinta kuma mai karatu zai iya koyon ta da baki. Amma aro ba ya warkar da matsalar da muke magana a kai, domin kalmomin da suka fi cutarwa su ne waɗanda suka riga suka zauna a harsunan biyu da ma'ana daban. Barin "gusto" ko "disgusto" yadda suke shi ne ainihin kuskuren. Wasu kuma za su ce manhajar fassara ta wadatar. Tana da amfani a jimla doguwa mai mahalli, amma takardar jerin abinci da rubutun kwalba kalmomi ne biyu-uku tsaye su kaɗai, kuma manhajojin sun fi ƙoshi da rubutun Ingilishi, don haka duk abin da Ingilishi ya cure wuri ɗaya suna iya fito da shi a cure.

Aikin da nake ganin ya wajaba a kan mai fassara kafin ya buɗe ƙamus shi ne ya fara gano ƙasa da yankin da rubutun ya fito. Sai ya tambayi kansa a wace gaɓa ake jin abin, a harshe ne, a hanci, a maƙogwaro, a zuciya ko a aljihu. Sai ya nemi yadda masu sana'ar suke faɗar wannan jin a harshen da zai fassara zuwa gare shi, ta hanyar karanta rubutunsu na asali, ba fassararru ba. Idan girki ne, ya kula da awo: "q.b." a littafin Italiya, wato "quanto basta", ita ce "al gusto" ta Sifaniyanci da "to taste" ta Ingilishi, mu kuma "daidai buƙata", kuma bai halatta ya ƙirƙiro mata cokali ɗaya ko biyu daga kansa ba. Kamfanin da ke fitar da abinci waje kuwa ya kamata ya aika wa mai fassara samfurin kayan tare da takardar, kuɗin kwalba ɗaya bai kai na sake buga dubban takardun manne ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin kusan duk abin da ke iso wa mai karatun Hausa daga Italiya ko Sifaniya, hirar kocin ƙwallo ce ko bayanin girki, ta Ingilishi yake biyowa. Alhali a wannan fagen Hausa tana da kayan aikin da gadar ba ta da su. "Daɗi" ta haɗa ɗanɗano da jin daɗi kamar "gusto". "Ya yi mini" tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "me gusta". Muna da zaƙi da garɗi da zartsi da maiƙo, kowanne da wurinsa. Italiyawa suna da aikatau "allappare" don yadda ɗanyen 'ya'yan itacen "cachi" yake ɗaure baki, abin da Ingilishi sai ya ɗauko kalmar likitoci ta "astringent" kafin ya faɗa. Itacen "cachi" ɗan'uwan kanya ne, jinsinsu ɗaya a ilimin tsirrai, kuma duk yaron da ya taɓa gatsar ɗanyar kanya ya san sunan abin: bauri.